Rikicin haƙar mai a Amurka: abin da ake faɗa a dandalin kamfe da abin da ke faruwa a bakin rijiya

Duk lokacin da farashin fetur ya tashi a Amurka, muhawara ɗaya ce ke dawowa. 'Yan jam'iyyar Republican su ce laifin 'yan Democrat ne, sun ɗaure wa kamfanoni hannu, sun hana a haƙo arzikin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa da teku. 'Yan Democrat su ce haƙa ba za ta sauke farashi ba, gara a rage dogaro da mai, a koma ga hasken rana da iska da motocin lantarki. Sama da shekara 50 ke nan ana wannan ja-in-ja, kuma wanda ya tsaya ga jawaban kamfe kaɗai zai ɗauka cewa makullin famfon mai yana aljihun shugaban ƙasa. A ganina wannan zato shi ne ya fi ɓata muhawarar, domin ya sa ana ta faɗa a kan abin da shugaba ba shi da iko sosai a kansa, an bar abin da gwamnati za ta iya yi da gaske.

Tsoro iri biyu ne suka haifi rikicin, kuma a tsakanin shekara biyar aka haife su duka. A watan Janairun 1969 wata rijiyar mai ta fashe a teku daura da garin Santa Barbara na jihar Kalifoniya, baƙin ɗanyen mai ya lulluɓe gaɓar teku, mutane suka ga tsuntsaye jiƙe da mai a talabijin. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Richard Nixon, ɗan Republican, kuma shi ne ya sa hannu a dokar da ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin manyan ayyukan gwamnati, shi ne kuma ya kafa hukumar kare muhalli ta EPA a 1970. Sai ga Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, layukan motoci suka miƙe a gidajen mai. Daga nan ne aka amince da shimfiɗa bututun Alaska, aka kafa rumbun ajiyar mai na ƙasa a 1975, aka sa wa kamfanonin motoci ƙa'idar rage shan mai, aka kuma hana fitar da ɗanyen mai waje, hanin da ya kai har ƙarshen 2015.

A wancan zamani tsoron gurɓata muhalli da tsoron ƙarancin mai ba su da jam'iyya. Rabuwar ta zo ne a hankali. Jimmy Carter ya ɗora faifan sola a rufin Fadar White House a 1979, aka sauke su a 1986 zamanin Ronald Reagan, kuma tun daga nan kowace jam'iyya ta rungumi tsoro ɗaya ta mayar da shi tutarta.

Babu wurin da ya fi nuna yadda wannan faɗa yake kamar gandun namun daji na arewa maso gabashin Alaska, wanda ake taƙaita sunansa da ANWR. Fili ne mai faɗin kusan eka miliyan 19. Dokar 1980 da Carter ya sa wa hannu ta kare shi, amma ta ware wani yanki na bakin teku mai eka miliyan 1.5, ta ce ba za a haƙa mai a cikinsa ba sai Majalisa ta amince. A wannan yankin ne garken karibu, wata dabbar dawa dangin barewa, ke zuwa haihuwa duk bazara, kuma al'ummar Gwich'in da rayuwarsu ta rataya a kan farautar wannan garke sun tsaya kai da fata cewa ba za a taɓa wurin ba. Amma mutanen Iñupiat na ƙauyen Kaktovik, wanda ke cikin yankin kansa, da yawansu suna son a haƙa, domin harajin mai ne ya gina makarantu da asibitoci a arewacin jihar. Duk mai gabatar da batun kamar 'yan asalin ƙasa ne a gefe guda, kamfanoni a ɗaya gefen, ya ɓoye rabin labarin. Haka kuma kowane mazaunin Alaska yana karɓar rabonsa na shekara daga asusun kuɗin mai tun 1982, shi ya sa 'yan siyasar jihar daga jam'iyyun biyu galibi suke goyon bayan haƙa.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta a 1998 cewa ana iya samun ganga biliyan 5.7 zuwa biliyan 16 a yankin. An kusa buɗe shi a 1989, sai jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi karo da dutse a tekun Alaska, maganar ta mutu. Majalisa ta amince a 1995, Bill Clinton ya hau kujerar na-ƙi. Sai a 2017 'yan Republican suka cusa shi cikin dokar rage haraji, bisa jagorancin Sanata Lisa Murkowski, tare da hasashen cewa gwanjon filayen zai kawo wa gwamnatin tarayya kusan dala biliyan ɗaya cikin shekara goma.

An buɗe takardun gwanjon farko ranar 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin Majalisa, shi ya sa labarin bai samu kunnen saurare ba. Manyan kamfanonin mai ko leƙowa ba su yi ba. Abin da aka tara bai wuce dala miliyan 14 da 'yan kai ba, kuma mafi yawan filayen wata hukuma ce ta gwamnatin jihar Alaska ta saye su. Gwamnatin Joe Biden ta soke lasisin a 2023. Da aka sake gwanjo a Janairun 2025, ko mutum ɗaya bai taya ba. Magoya bayan haƙa sun ce gwamnatin Biden ta matse filin ta cika sharuɗɗa da gangan don ta kori masu saye, kuma akwai ƙamshin gaskiya a wannan ƙorafi. Sai dai gwanjon 2021 gwamnatin Trump ce ta shirya shi da hannunta, kuma shi ma kamfanoni sun juya masa baya. Dalilinsu a fili yake: wuri ne mai nisa da tsananin sanyi, babu hanya babu bututu, manyan bankuna sun ce ba za su ba da bashi ba, ga shari'o'i a kotu, ga kuma sanin cewa sabuwar gwamnati na iya zuwa ta rushe komai.

Taken nan na "a haƙa, a ƙara haƙawa" da Trump ya farfaɗo da shi an fara rera shi ne a babban taron jam'iyyar Republican na Satumban 2008, daga bakin Michael Steele, wani jigon jam'iyyar, sannan Sarah Palin, 'yar takararsu ta mataimakiyar shugaban ƙasa, ta yayata shi. A watan Yulin shekarar ganga ta kai dala 147, galan ɗin fetur ya haura dala 4. George W. Bush ya janye hanin haƙa a teku da mahaifinsa ya kafa a 1990, Majalisar da ke hannun 'yan Democrat ita ma ta bar nata hanin ya shuɗe ba ta sabunta ba, saboda zaɓe ya ƙarato kuma talakawa sun fusata. Amma a wannan shekarar ce hukumar tattara bayanan makamashi ta gwamnati, EIA, ta yi lissafi a kan ANWR: ko da an buɗe shi nan take, sai an yi shekara goma kafin ganga ta farko ta fito, kuma a matsakaicin hasashe ragin da zai kawo bai kai dala ɗaya a kowace ganga ba. Kafin shekarar ta ƙare farashi ya faɗo ƙasa da dala 40, ba tare da an haƙa ko rijiya ɗaya a sabbin wuraren ba. Durƙushewar tattalin arzikin duniya ce ta sauke shi.

Abin da ya sa haka shi ne kasuwar mai ta duniya ce baki ɗaya. Duniya na shan sama da ganga miliyan 100 a kullum, Amurka ita kaɗai na shan kusan miliyan 20. Kamfanin da ya haƙo mai a Texas ba zai sayar wa direban Texas da rangwame ba, da farashin duniya zai sayar. In Amurka ta ƙara ganga rabin miliyan, Saudiyya da abokanta na OPEC na iya rage daidai wannan a zama ɗaya. Matatun Amurka da yawa kuma an gina su ne don tace mai mai kauri, shi ya sa har yau take shigo da kusan ganga miliyan 4 a kullum daga Kanada, tana kuma fitar da nata mai marar kauri zuwa waje.

Duk da haka man Amurka ya ƙaru, ƙaruwar da babu wanda ya hango ta a 2008. A lokacin tana haƙo kusan ganga miliyan 5 a kullum. A 2018 ta zarce Saudiyya da Rasha, a 2024 ta haura miliyan 13. Dabarar fasa dutse ce ta kawo wannan, wadda kamfanin George Mitchell ya daɗe yana gwadawa a arewacin Texas har ta yi nasara a ƙarshen shekarun 1990. Ana haƙa rijiya ta nutsa kilomita biyu ko uku, sannan a lanƙwasa bakin haƙar ya miƙe a kwance cikin shimfiɗar dutsen. Daga nan a tura ruwa haɗe da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi, dutsen ya tsattsage, yashin ya maƙale a tsagogin ya hana su rufewa, mai da gas su samu hanyar tsiyayowa. Yawancin wannan aiki a filayen mutane da na jihohi aka yi shi, a yankin Permian na Texas da kuma North Dakota, domin a Amurka mai fili na iya mallakar abin da ke ƙarƙashin filinsa. Filaye da tekun gwamnatin tarayya, waɗanda a kansu ne shugaba ke da ta cewa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na man ƙasar ke fitowa daga cikinsu.

Shi ya sa alƙaluman ba sa bin jam'iyya. Haƙo mai ya yi ƙasa a zamanin Bush ɗan Texas, ya yi tashin gwauron zabo a zamanin Barack Obama, ya faɗi a shekarar ƙarshe ta wa'adin Trump na farko saboda annobar korona, har a watan Afrilun 2020 farashi ya koma ƙasa da sifili na yini guda, sannan ya kafa sabon tarihi a zamanin Biden.

Akwai kuma wani ƙulli a cikin alƙawarin 'yan Republican wanda ba kasafai suke warware shi a bainar jama'a ba. Suna alƙawarin mai mai arha da kuma ƙarin haƙa a lokaci guda, alhali ɗaya yana kashe ɗaya. Rijiyar fasa dutse takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a shekarar farko, don haka dole a yi ta haƙa sababbi, kuma kamfanonin da kansu sun shaida wa reshen babban bankin ƙasa da ke Dallas cewa sabuwar rijiya ba ta biyan kuɗinta sai ganga tana wajen dala 65. In farashi ya sauka zuwa dala 50, injinan haƙa tsayawa suke yi. Masu hannun jari da suka tafka asara a shekarun 2010 yanzu riba suke nema a aljihu, kuma babu umarnin shugaban ƙasa da zai tilasta wa kamfani ya haƙa abin da zai faɗi a kansa.

'Yan Democrat su ma suna da nasu baki biyun. Biden ya yi alƙawari a kamfe cewa ba sauran sabuwar haƙa a filayen tarayya, ya dakatar da ba da lasisi a makon farko, wata kotu a Louisiana ta hana. Da Rasha ta mamaye Yukren a 2022, galan ya kai dala 5, sai ga shi ya fitar da ganga miliyan 180 daga rumbun ajiya, yana matsa wa kamfanoni su ƙara haƙa. A Maris ɗin 2023 ya amince da aikin haƙar mai na Willow na kamfanin ConocoPhillips a Alaska, matasan da suka zaɓe shi suka ji an ci amanarsu. Kamala Harris ta ce za ta haramta fasa dutse a 2019, a 2024 ta ce ba za ta haramta ba, saboda ƙuri'un Pennsylvania, jihar da ake haƙo gas mai yawa ta wannan hanya. Jihar New Mexico, wadda 'yan Democrat ke mulki, ita ce ta biyu a haƙo mai, kuma da kuɗin man take ɗaukar nauyin makarantunta.

A nan dole a bai wa 'yan Republican gaskiyarsu a kan abu biyu. In ka toshe rijiya a gida alhali mutane ba su rage shan mai ba, wata ƙasa ce za ta cike gurbin, wataƙila ma wadda dokokin muhallinta ba su kai naka ba. Kuma iskar gas mai arha da fasa dutse ta samar ita ce babban abin da ya ture kwal daga tashoshin lantarki, ta rage hayaƙin da suke fitarwa, ita ce kuma ta taimaki Turai lokacin da gas ɗin Rasha ya yanke. Amma inda na rabu da su shi ne yadda suke ɗaukar haɗarin haƙa da ɗumamar yanayi kamar ƙirƙirar abokan hamayya. A ƙarshen Maris ɗin 2010 Obama ya sanar da buɗe sabbin wurare a teku. Bayan mako uku dandamalin haƙa na Deepwater Horizon ya yi bindiga a Tekun Meksiko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara, masunta da masu otal a jihohi biyar suka ɗanɗana kuɗarsu. Hayaƙin mai kuwa babu wanda ke biyan kuɗin ɓarnarsa a gidan mai, jama'a ne ke biya daga baya ta hanyar gobarar daji da ambaliya da tsadar inshorar gidaje.

Wani abin da ke rikita masu sauraro shi ne yadda ake jera mai da hasken rana kamar kishiyoyi. Man fetur bai kai kashi 1 cikin 100 na lantarkin Amurka ba. Kusan kashi biyu cikin uku nasa a sufuri yake ƙarewa, motoci da manyan motoci da jiragen sama. Injinan iska da faifan sola lantarki suke samarwa, don haka da gas da kwal suke gasa. Ko an cika hamadar Arizona da faifan sola, farashin fetur ba zai motsa ba sai in motocin da ke kan titi sun koma na lantarki. Abin da zai rage wa ɗan Amurka jin jiki duk lokacin da yaƙi ya ɓarke a wata nahiya shi ne motar da ba ta shan mai da yawa ko wadda ba ta sha kwata-kwata, kuma a nan ne ainihin faɗan ya kamata ya kasance.

Taswirar ƙasar ma ba ta yarda da labarin jam'iyyun ba. Texas ce kan gaba a lantarkin iska, kuma tushen hakan dokar 1999 ce da George W. Bush ya sa wa hannu yana gwamna, da manyan layukan wuta da aka ja zamanin magajinsa Gwamna Rick Perry daga yammacin jihar zuwa birane. Iowa na samun wajen kashi 60 cikin 100 na lantarkinta daga iska, kuma Sanata Chuck Grassley, ɗan Republican, shi ne uban rangwamen harajin iska na 1992. Manomi a can yana noman masararsa yana kuma karɓar kuɗin hayar injin da aka kafa a gonarsa. A ɗaya ɓangaren, 'yan Republican na Florida ba sa son ganin injin haƙa kusa da gaɓarsu saboda masu yawon buɗe ido, har Trump da kansa ya hana haƙa a tekun Florida da Georgia da South Carolina ana saura wata biyu zaɓen 2020.

Kan batun tallafi kuwa kowa yana ganin na wani ne kawai. 'Yan Republican har gobe suna ambaton Solyndra, kamfanin sola da gwamnati ta tsaya wa ya ci bashin dala miliyan 535, ya karye a 2011. Asara ce ta gaske. Amma Tesla ma ya karɓi bashin dala miliyan 465 daga ma'aikatar makamashi, ya biya tun wa'adi bai cika ba. Su kuma kamfanonin mai suna cin rangwamen haraji kan kuɗin haƙa tun 1913, da wani kan ƙarewar rijiya tun 1926, kuma kason da gwamnati ke karɓa daga man filayenta ya tsaya a kashi 12.5 cikin 100 tun 1920, ya yi shekara ɗari a haka, ƙasa da abin da Texas ke karɓa a nata filayen.

Ƙorafin cewa rana na faɗuwa, iska na tsayawa, ƙorafi ne mai tushe, kuma amsarsa batura ne da layukan wuta da tashoshin ko-ta-kwana. Amma an sha amfani da shi ba bisa gaskiya ba. Da matsanancin sanyi ya kashe wutar Texas a Fabrairun 2021, mutum 246 suka mutu bisa ƙidayar jihar, Gwamna Greg Abbott ya fita talabijin ya ɗora wa iska da rana laifi. Binciken hukumar tarayya ya nuna cewa fiye da rabin injinan da suka gaza na gas ne, rijiyoyi da bututu ne suka daskare saboda ba a yi musu tanadin sanyi ba.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce ta kwan-gaba-kwan-baya. Obama ya ƙi amincewa da bututun Keystone XL, wanda aka tsara don kawo mai daga Kanada, a 2015, Trump ya amince a 2017, Biden ya soke a ranarsa ta farko a 2021, kamfanin da ke gina shi ya haƙura bayan ya zuba biliyoyin dala. Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi an shiga, an fita, an koma, an sake sa hannun fita. A Agustan 2022 aka zartar da dokar da ta ware kusan dala biliyan 370 don makamashi mai tsafta, ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba, kuma sai da Sanata Joe Manchin na West Virginia, ɗan Democrat a lokacin, ya sa aka ɗaure lasisin injinan iska na teku da gwanjon filayen mai kafin ya ba da tasa ƙuri'ar. Yawancin masana'antun batura da faifan sola da dokar ta jawo a mazaɓun 'yan Republican aka kafa su, har 'yan majalisarsu 18 suka rubuta wa kakakinsu a 2024 suna roƙon kada a soke rangwamen. Duk da haka dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta gajarta wa'adin rangwamen iska da rana, ta kawo ƙarshen tallafin dala 7,500 na motar lantarki, ta mayar da kason gwamnati na man filayenta, wanda dokar 2022 ta ƙara, zuwa kashi 12.5, ta kuma wajabta sabbin gwanjo har da na ANWR.

Tashar lantarki ko masana'antar batura ko rijiyar teku ana gina ta ne don shekara 30, ƙa'idojin kuwa suna juyewa duk shekara huɗu. Mai zuba jari yana saka wannan haɗari a lissafinsa, kuma mai biyan kuɗin wuta ne ke ɗaukar nauyin. Ƙasar Sin, wadda ba ta sauya hanya ba, yanzu tana riƙe da sama da kashi 80 cikin 100 na masana'antar faifan sola ta duniya, ita ce kuma kan gaba a batura da motocin lantarki.

Akwai abu ɗaya da ɓangarorin biyu ke buƙata amma suka kasa yi tare, wato gyaran tsarin ba da izini. Layin wuta na SunZia, wanda aka tsara don kai lantarkin iska daga New Mexico zuwa Arizona, ya shafe kusan shekara 17 yana neman takardu kafin a fara gini a 2023. Ayyukan da ke jiran a haɗa su da babban layin wuta, yawancinsu na rana da batura, ƙarfinsu a takarda ya zarce na duk tashoshin da ƙasar ke da su yanzu. Manchin da Sanata John Barrasso ɗan Republican sun kawo ƙudurin gyara a 2024, ya tsallake kwamiti da ƙuri'un jam'iyyun biyu, amma ya mutu da ƙarewar wa'adin Majalisa, domin wasu 'yan Democrat na tsoron zai sauƙaƙa wa bututun gas, wasu 'yan Republican na tsoron zai sauƙaƙa wa layukan iska. Ga shi kuma buƙatar lantarki, wadda ta yi kusan shekara 15 a tsaye, ta fara hawa saboda manyan rumbunan kwamfuta da kamfanonin fasaha ke ginawa, kuma kuɗin wuta a jihohi da dama ya riga ya fara nuna hakan.